Me ya sa tsakiyar giradiyen ke yin dauɗa, kuma ina ratsi-ratsin ke fitowa?

Bashir: Assalamu alaikum. Ina so mu tattauna yadda ake haɗa giradiyen da hannu, wato sajewar launi daga wani zuwa wani, ba wanda manhaja ta zo da shi ba. Matsala biyu ce ke yawan ɓata aikin. Ta farko, mutum ya zaɓi launuka biyu masu kyau, shuɗi da rawaya misali, sai tsakiya ta fito toka-toka kamar an wanke ta da ruwan datti. Ta biyu, bango mai duhu ya fito da ratsi-ratsi maimakon ya narke sumul. Masana, ku fayyace mana dalili da magani, a Photoshop ko GIMP.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Bari in fara da ta farko, don lissafi ne zalla. Shuɗi tsantsa a RGB, wato lambobin ja, kore da shuɗi da allo ke haɗa launi da su, shi ne 0, 0, 255. Rawaya tsantsa 255, 255, 0. A tsohuwar hanya manhaja na ɗaukar kowace lamba ta raba tazarar biyu, sai tsakiya ta zama 128, 128, 128. Wannan kuwa ruwan toka ne, babu ɗigon launi a cikinsa. Ja da kore ma haka: 255, 0, 0 zuwa 0, 255, 0 na ba da 128, 128, 0, wani kore-kore mai duhu kamar laka. Duk launuka biyun da ke fuskantar juna a da'irar launi, hanyar da ta miƙe tsakaninsu dole ta ratsa ta cibiya, cibiyar kuma toka ce.

Akwai ƙarin abu. Lamba 128 a sRGB, tsarin RGB da aka saba amfani da shi a allo, ba rabin haske ba ce, wajen kashi 22 cikin ɗari ne na hasken fari. Rabin haske na gaskiya yana wajen 188. Shi ya sa tsakiyar ba ta tsaya a rashin launi kawai ba, har duhu take yi fiye da yadda ya kamata.

Zainab: Malam ya faɗi dalili, ni kuma ga magani mafi sauƙi: kada ka bar wa manhaja ta zaɓa maka tsakiya. A Photoshop danna G, buɗe Gradient Editor. Za ka ga sanda mai launi, da ƙananan turaku a ƙasanta da samanta. Na ƙasa na launi ne, na sama na ƙarfin rufewa ne, wato ko launin ya rufe abin da ke bayansa ko ya zama shara-shara. Danna ƙasan sandar daidai tsakiya, sabon turke zai fito, rubuta 50 a Location, sannan ka ba shi launin da kake so hanyar ta bi.

Shuɗi na kan digiri 240 a da'ira, rawaya na kan 60. Hanya biyu gare ka. Ko ka bi ta 150, kore mai ɗan shuɗi, abin ya fito kamar ruwa da ganye. Ko ka bi ta 330, ruwan hoda mai ƙarfi, ya fito kamar faɗuwar rana. Abin lura shi ne hasken turken tsakiya ya zauna tsakanin hasken gefunan biyu. Idan ya fi su duka haske ko ya fi su duka duhu, za a ga wani ɗauri a tsakiya kamar an ɗaura bel.

Aminu: Yaya Zainab, ai wannan wahalar ta ragu tun Photoshop na 2022. Ya zo da Method a saman allo: Perceptual, Linear, Classic. Ka sa Perceptual kawai, ita ce ma ta zo a kunne a wannan sigar. Tana lissafi ne a Oklab, tsarin launi da Björn Ottosson ya fitar a 2020, wanda aka gina shi a kan yadda ido ke ganin bambanci.

Zainab: Ta rage, ba ta kawar ba, Aminu. A Oklab ma hanyar miƙaƙƙiya ce, kuma launuka masu fuskantar juna sai sun wuce kusa da cibiya. Abin da Perceptual ke gyarawa sosai shi ne duhun nan da Malam ya ambata, da kuma karkacewar launi, kamar shuɗi zuwa fari da ke komawa shunayya a hanya. Gwada shuɗi zuwa rawaya da ita, za ka ga tsakiya ta yi haske amma har yanzu launin ya koɗe. Turke na uku bai da madadi a irin wannan haɗi.

Malam Nura: Gaskiyar Zainab ce. Kuma a san cewa hanyoyin uku ba wai ɗaya ta fi sauran a ko'ina ba ne. Ɗauki baƙi zuwa fari a sRGB. Classic na ba da wajen 128 a tsakiya, Linear wajen 188, Perceptual wajen 99. Ka ga bambancin ba ƙarami ba ne. Linear ta dace da abin da ke kwaikwayon haske na gaske, kamar hasken fitila da ke bazuwa ko walƙiya. Perceptual ta dace da bango da rubutu mai launi. Classic kuma ita za ka koma wa in kana gyara tsohon fayil kana so sabon sashe ya yi daidai da tsohon, ko in za a sake gina abin a wata manhaja da ke lissafi da tsohuwar hanya.

Hajiya Rabi: Ƙari a kan Classic: ku duba Smoothness. Tana zuwa a 100, kuma a haka launin na ɗan daɗewa a kusa da kowane turke kafin ya kama hanya. Ga ido abin ya fi laushi. Amma in za a miƙa lambobin launin ga mai gina shafin intanet ya rubuta su a CSS, harshen da ake tsara kamannin shafi da shi, ko a kai su SVG, fayil ɗin zane na layi da siffofi, can layin miƙaƙƙe ne, ba zai yi daidai da abin da ka gani ba. Mayar da ita 0 kafin ka yanke hukunci a kan launukan.

Bashir: Madalla. 'Yar alamar nan mai siffar lu'ulu'u da ke fitowa tsakanin turaku biyu fa, meye amfaninta in har ana iya ƙara turke?

Hajiya Rabi: Lu'ulu'un ne ke nuna inda launukan biyu suka haɗu rabi da rabi. Yana motsawa daga 5 zuwa 95. In kana so shuɗi ya ci kashi biyu cikin uku na fili ba tare da ka ƙirƙiro sabon launi ba, ja shi zuwa 65 ko 70. Amma kada a matsa shi ƙarshe-ƙarshe, don duk sauyin zai cushe a ɗan wuri, gefe guda ya zama kamar an yanka. In yanka ɗin kake so da gangan, akwai hanyar da ta fi tsabta: ɗora turaku biyu masu launi daban a Location ɗaya, sai layi ya fito tsaf. Riƙe Alt ka ja turke yana kwafe shi, jan shi nesa da sandar kuma yana goge shi.

Injiniya Sani: Ni in shiga ta biyu, ratsi-ratsi. Hoto mai bit 8 matakai 256 kawai gare shi a kowace tasha ta ja, kore da shuɗi. Ka ce bangonka zai tashi daga 32, 32, 32 zuwa 48, 48, 48 a faɗin fiksel 1920. Tazarar matakai 16 ce kacal. Raba 1920 da 16, kowane mataki zai shimfiɗe a fiksel 120. To ido na ganin wannan sarai, musamman a duhu, don ido na ƙara wa iyakar da ke tsakanin inuwa biyu kaifi fiye da yadda take, abin da ake kira ratsin Mach, da sunan Ernst Mach. Ƙa'idar ita ce: launuka masu kusa da juna a fili mai faɗi su ke kawo ratsi. Baƙi zuwa fari a faɗin nan ɗaya, kowane mataki fiksel bakwai da rabi ne, da wuya a lura.

Don haka kafin komai, yi wannan lissafin. Duba tashar da ta fi tazara tsakanin launukanka biyu, raba tsawon filin da ita. In amsar ta kai gomman fiksel, ka san sai ka ɗauki mataki.

Aminu: Ai sai a mayar da fayil bit 16, magana ta ƙare.

Injiniya Sani: Ba ta ƙare ba, ɗan'uwa, saboda dalili biyu. Na farko, in ka riga ka zana giradiyen a kan fiksel a bit 8, sauya fayil zuwa 16 ba ya ƙirƙiro matakan da babu. Sai ka sake zana shi bayan sauyin, ko kuma tun farko ka yi amfani da leyar Gradient Fill, wadda ake sake lissafa ta duk lokacin da aka taɓa. Na biyu, ƙarshen aikin yawanci JPEG ne ko PNG da za a kalla a allo mai bit 8. Ranar da ka sauko, matakai 16 ɗin nan suna nan suna jira. Amfanin bit 16 shi ne lokacin aiki: tazarar nan ta zama dubban matakai, sai ka iya jan Curves da Levels ba tare da ka yage ta ba. Abin da ke ɓoye ratsi a ƙarshe shi ne yayyafi, wato Dither. Yana cakuɗa fiksel na mataki biyu masu maƙwabtaka a bakin iyaka, ido ya haɗa su ya ga kamar akwai matakai a tsakani.

Malam Nura: A GIMP wannan a fili yake. Lokacin da ka sauko da hoto daga bit 16 ko 32 zuwa 8, akwatin sauyin na tambayar irin yayyafin da kake so a kan leyoyi. Kada a bar shi a None in akwai bango mai narkewa. Kayan giradiyen ɗin kansa ma yana da akwatin Dithering.

Hajiya Rabi: Injiniya, a nan ina da ja. Yayyafin Dither mataki ɗaya ne tak sama ko ƙasa, siriri ƙwarai. JPEG na yanka hoto gida-gida, fiksel 8 sau 8, ya zubar da ƙananan bambance-bambance, kuma irin wannan yayyafin shi ne farkon abin da yake zubarwa. Kafafen sada zumunta kuma suna sake matse duk hoton da aka ɗora. Sai ka ga fayil sumul a kwamfuta, bayan ɗorawa ratsin ya dawo har da murabba'ai. Ga abin da zai shiga irin wannan matsi, barbashi mai ɗan ƙarfi ya fi: Add Noise, kashi 1 zuwa 2, Gaussian, a kunna Monochromatic don kada ɗige-ɗige masu launi su fito.

Injiniya Sani: Na yarda, Hajiya, amma da sharaɗi. Barbashi na ƙara nauyin fayil, PNG musamman, don yana matse fili mai santsi ne da kyau, barbashi kuwa ya hana shi. Kuma fiye da kashi 2 ko 3 a bango mai haske yana fara kama da hoton da aka ɗauka da dare. In fayil zai tsaya PNG ba wanda zai sake matse shi, Dither ya isa.

Zainab: Yadda za a sa barbashin ba tare da an ɓata asalin ba: sabuwar leya, a cika ta da toka kashi 50, a sa ta Overlay, a zuba barbashin a kanta. Sai ka riƙa rage ƙarfin leyar har ratsin ya ɓace amma barbashin bai bayyana ba. Tarko ɗaya ne a ciki. Overlay ba ta da tasiri sosai kusa da baƙi ƙirin ko fari fat, kuma a duhun ne ratsi ya fi damun mutane. A bango mai tsananin duhu gara ka kwafe giradiyen ɗin zuwa Smart Object ka sa barbashin kai tsaye a kansa.

Kuma a riƙa dubawa a girman kashi 100. Abin da manhaja ke nunawa in an rage girma kimantawa ce, tana iya nuna ratsin da babu shi a fayil. Don ka tabbatar, ɗora leyar Levels ta wucin gadi, matso da hannun baƙi da na fari kusa da juna sosai. In ratsin gaske ne zai fito ɓaro-ɓaro da gefuna masu kaifi, in yayyafin ya kama za ka ga gefunan sun zama yashi-yashi. Sai ka goge leyar. Wani allon mai araha ma shi kansa ke haifar da ratsi, don haka a duba a allo na biyu kafin a zargi fayil.

Bashir: Masu GIMP fa, tsarin turakun ɗaya ne?

Malam Nura: Akwai bambanci a gini. GIMP na kallon giradiyen a matsayin gaɓoɓi. Kowace gaɓa na da launin hagu, launin dama, da tsakiyarta. Launin dama na wata gaɓa ba dole ya zama ɗaya da launin hagu na mai bi mata ba, to in ka canja ɗaya ka manta ɗaya, yanka zai fito inda ba ka nufa ba. Tun siga 2.10 ta 2018 ana gyarawa a kan hoton kai tsaye: ja layi, danna kan layin turke ya fito, zaɓi launi a ɗan akwatin da ya bayyana, danna Enter in ka gama. Waɗanda suka zo da manhajar a kulle suke, in ka taɓa su sai ta yi maka kwafi mai suna Custom, kuma wannan kwafin ana rubuta wani a kansa a gyara na gaba. Wanda kake so ya zauna, kwafe shi ka ba shi suna.

Abin da nake yaba wa GIMP a kai shi ne kowace gaɓa na da nata salon narkewa, miƙaƙƙe ko mai lanƙwasa ko mai tsalle, kuma kana iya cewa ta bi da'irar launi ta HSV maimakon RGB. Ja zuwa shuɗi ta hanya ɗaya zai ratsa rawaya da kore, ta ɗaya hanyar ya ratsa shunayya. Wannan na magance toka, amma yana kawo tasa matsalar: HSV ba ta kula da hasken da ido ke gani, rawaya za ta yi tsalle ta fi kowa haske a hanya. Akwai kuma zaɓin inda za a yi lissafin, Perceptual RGB, Linear RGB ko CIE Lab. A lura, Perceptual ta GIMP ba ita ce ta Photoshop ba duk da sunan ya zo ɗaya. Ta GIMP ta fi kusa da Classic.

Injiniya Sani: Fayil ɗin .ggr na GIMP rubutu ne zalla, ana buɗe shi da kowace manhajar rubutu. Layin farko GIMP Gradient, sai suna, sai yawan gaɓoɓi, sannan kowace gaɓa layi guda: wurin hagu, tsakiya da dama, sai launukan gefe biyu, duk a lambobi daga 0 zuwa 1. In kana da launi 200 ka raba da 255, ka rubuta 0.784. Krita na karanta shi. Na Photoshop .grd ne, ba a gyara shi da hannu haka.

Aminu: Tambaya a kan inuwar da ake sawa a ƙasan hoto don rubutu fari ya karantu. Baƙi zuwa shara-shara. Kullum ana ganin inda ta ƙare kamar layi.

Hajiya Rabi: Ratsin Mach ɗin da Injiniya ya faɗa ne. Sauyi na tafiya da gudu ɗaya sai ya tsaya cak, ido ya kama wurin tsayawar. Maganin shi ne a sassauta ƙarshen da ƙarin turakun sama. Gwada haka daga ƙasa zuwa sama: a 0 ƙarfi 70, a 30 ƙarfi 45, a 60 ƙarfi 18, a 85 ƙarfi 4, a 100 sifili. Wutsiyar ta yi tsawo, ta ɓace a hankali. Sannan a auna bambancin rubutu da bango a wurin da hoton ya fi haske, ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet na neman 4.5 zuwa 1 ga ƙaramin rubutu.

Wani kuskure kuma a nan: launin gefen da ya ɓace. In kana narkar da ja zuwa babu, turken launi na wancan gefen ma ya zama ja ɗin. In ka bar shi baƙi ko fari don ai ba a ganinsa, tsakiya za ta ɗauko rabinsa, jan ya yi datti ko ya koɗe. A Inkscape da SVG wannan na faruwa sosai.

Zainab: Biyu a taƙaice. Salon Angle, mai zagaye kamar hannun agogo, launin farko da na ƙarshe su zama ɗaya in ba ka son ɗinki ya fito. Gradient Map kuma ba shimfiɗa launi take a fili ba, tana ɗora hagun sandar a kan duhun hoto, damanta a kan haskensa. To launukan su riƙa ƙara haske daga hagu zuwa dama. In turken tsakiya ya fi na dama haske, fuskar mutum za ta fito kamar an juya fim.

Bashir: Saura bugawa a takarda. Me ke canjawa?

Malam Nura: Abu uku. Shuɗi da kore masu ƙyalli na allo ba sa cikin abin da tawadar CMYK, wato tawada huɗu na bugu (C shuɗi-shuɗi, M ruwan hoda, Y rawaya, K baƙi), ke iya fitarwa, kuma in gefe ɗaya na giradiyen ya fita daga iyaka, sauyin zuwa CMYK na iya danne matakai da yawa su zama launi ɗaya, wurin ya yi lebur. A kunna Proof Colors da furofayil ɗin maɗaba'ar tun ana zaɓen launi.

Sai narkewa zuwa baƙi. Ja mai M100 Y100, wato kashi 100 na M da kashi 100 na Y, zuwa baƙi mai K100 kaɗai, a tsakiya za ka sami rabin ja da rabin baƙi, tawada ba ta cika ba, wurin ya yi fari-fari. Gyaran shi ne baƙin ya riƙe jan a cikinsa, M100 Y100 K100. Jimillar tawada ta kai 300 ke nan, wanda ke bakin iyakar da takarda mai sheƙi ke ɗauka, takarda mai shan tawada kuwa ba ta kai haka ba. A tambayi maɗaba'a iyakarsu, in ƙasa da haka ne a rage M da Y a gefen baƙin zuwa 70 ko 80.

Na uku, narkewa zuwa farin takarda. Ɗigon tawada mai kashi 1 ko 2 sau da yawa ba ya kama takarda, sai a ga launin na tafiya a hankali ya yanke farat ɗaya kafin ƙarshe. A injin da ke da wannan hali gara a tsayar da gefen mai haske a kashi 3 zuwa 5, a kai shi har bakin da za a yanke takardar.

Injiniya Sani: A kan na ukun nan, Malam, bugun fleso, mai faranti mai laushi da ake buga leda da kwali da shi, ya fi kowane fama da shi, don ƙaramin ɗigon da faranti ke riƙewa ya fi na ofset, bugun takarda da aka saba, girma, kuma yana buɗewa in an danna. Wanda zai yi zanen irin wannan ya nemi adadin ƙaramin ɗigo daga masu bugun kafin ya kafa turkensa na ƙarshe.